Zauren da ke fuskantar ruwa: muhawara kan gidajen jirage na attajiran Kanada da Amurka

Baban Ilham (Toronto):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da na ɗora hoton nan jiya, mutum huɗu suka biyo ni ta akwatin saƙo suna tambayar gidan waye aka dasa haka a cikin ruwa. Na ga gara in amsa a nan kowa ya gani, tunda zauren namu na magina ne da masu sha'awar gini.

Abin da kuka gani garejin jirgin ruwa ne. Ainihin gidan yana can sama a kan dutse, itatuwa sun rufe shi. Sunan yankin Muskoka, a lardin Ontariyo na Kanada, tafiyar awa biyu da 'yan kai a mota in ka nufi arewa daga Toronto. Manyan tafkuna uku ne a haɗe, Muskoka da Rosseau da Joseph. Sati uku muka yi a can ni da maigidana muna canza katakon dandamali da ƙofofi.

A ƙasa ruwa ne ke shiga har cikin ɗaki. An bar gurabe uku, kowanne da ƙofa irin ta gareji, jirgi ya shigo ya tsaya, mai shi ya tako dandamali ya fito. A sama akwai bene mai falo da ɗakin kwana da banɗaki, sai baranda da ta zagaye ɓangaren ruwa. Rufin mai gangare ne sosai don dusar ƙanƙara ta riƙa zamewa.

Ga abin da ya tsaya min a rai. In ka zo ta mota, ƙeyar gidan za ka tarar: ƙaramar ƙofa, wurin shara, tulin itacen wuta. Duk wani ado ruwa yake kallo. Sai ranar da aka zagaya da ni cikin jirgi na gane cewa wannan garejin shi ne zaurensu. Nan baƙo yake sauka, nan ake tarbarsa, nan ake zaman hira da yamma, kuma da shi mai wucewa yake auna nauyin maigidan, kamar yadda muke kallon zaure da zankwayensa mu san gidan wa muka zo. Gidan gaba ɗaya kuma suna ce masa kotej, wato ɗan ƙaramin gidan ƙauye, ko da ɗakunansa sun kai goma sha biyar.

Ɗan Fagge:
Tabarakallah. Yaya, wato mutum ya farka da asuba ruwa na motsi a ƙarƙashin gadonsa? To katako a cikin ruwa shekara da shekaru ba ya ruɓewa? A kan me ginin yake tsaye?

Baban Ilham (Toronto):
Ƙanina, tambayar da na fara yi kenan. Tsofaffin suna zaune ne a kan wasu akwatuna na gungume. Ana sarƙa gungume kan gungume ta kusurwa huɗu kamar ana gina ɗan ɗaki marar rufi, a ja shi zuwa inda ake so, a cika cikinsa da duwatsu har ya nutse ya zauna a ƙasan tafki. A jera irinsu da yawa, a shimfiɗa manyan katakai a kai, sannan gini ya tashi. Itacen da ke nutse kullum ba ya ruɓewa da wuri, domin abin da ke cin itace yana buƙatar iska. Inda ake samun ɓarna shi ne daidai layin da ruwa ke hawa yana sauka, yau jiƙe gobe bushe. Wanda muka gyara, layuka biyu na sama sun zama kamar burodi, na ƙasa kuwa sai da zarto ya sha wuya. Sababbin gine-gine yawanci bututun ƙarfe ake kafawa har ya taɓa dutse.

Babban abokin gabarsu ƙanƙara ce. Da hunturu tafkin gaba ɗaya yana daskarewa har a bi ta kansa da babur na ƙanƙara. In ta kama ginshiƙi tana iya ɗaga shi, in ta buɗe tana ture ginin gefe. Shi ya sa suke saka wani inji da ke motsa ruwan kewaye da ginin duk tsawon hunturu don kada ya daskare. Maganar sanyi kuma, ai ba sa zama a lokacin. Daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Oktoba ne harkar, ainihin cikar kuma Yuli da Agusta.

Malam Kafinta:
Gaskiya ne wannan, duk wanda ya taɓa kafa dirka ya san daidai bakin ƙasa take fara ci. Su dai Allah ya hutar da su daga gara irin tamu. Amma ni jirgin da na hango ta ƙofar da ke buɗe ya fi ɗaukar hankalina. Wannan jan katako mai sheƙi, kamar maɗaci nake gani. Wane itace ne?

Baban Ilham (Toronto):
Idonka bai yi ƙarya ba Malam. Mahogani ne, dangi ɗaya suke da maɗacinmu. Ba ya fitowa a Kanada, daga ƙasashe masu zafi ake kai shi. A farkon ƙarni na 20 akwai masassaƙan jirage da suka yi suna a yankin: Ditchburn da Greavette a garin Gravenhurst, Minett-Shields a Bracebridge, Duke a Port Carling. Irin wannan jirgi ana shafa masa man sheƙi shafi bisa shafi, kuma rana da ruwan sama suna lalata shi cikin ƙanƙanin lokaci. Dalilin rufin kenan tun asali. Jirgin ne ya haifi ginin.

Malama Mai Zane (Zariya):
Baban Ilham, Allah ya saka da alheri. Kwatancen zauren nan ya zauna daidai, kuma akwai tarihi a bayansa. Bari in ɗan ja zaren.

A 1868 gwamnatin Ontariyo ta yi dokar raba filaye kyauta ga duk wanda zai share daji ya yi noma a irin su Muskoka. Mutane suka ɗunguma, suka sare itatuwa, sai suka tarar ƙasar 'yar siririya ce a kan fa. Garma ba ta shiga. Da yawa suka gudu, waɗanda suka rage suka koma saran katako da saukar baƙi masu zuwa farauta da kamun kifi. Wato dutsen da ya karya manomi shi ne yau attajiri yake biyan miliyoyi don ya ɗora gida a kansa.

Hanyar zuwa kuwa ruwa ce kaɗai mai kyau. Wani ɗan kasuwa mai suna Alexander Cockburn ya saka jirgin tururi na farko, Wenonah, a tafkin Muskoka a 1866. A 1871 aka kammala mashigar jirage ta Port Carling wadda ta haɗa tafkunan, a 1875 layin dogo ya iso Gravenhurst. Iyali za su taso daga Toronto ko daga Pittsburgh ta Amurka a jirgin ƙasa da akwatuna da masu aiki, su sauka a kwata, su shiga jirgin tururi, ya sauke su a bakin gidansu. Wasiƙa ta ruwa take zuwa. Har kantin cefane jirgi ne da ke bi gida-gida da nama da gari da kananzir. Wanda duk rayuwarsa ta ruwa take shigowa, ina zai sa fuskar gidansa?

Mutanen Pittsburgh ɗin nan masu masana'antun ƙarfe da bankuna ne, garinsu hayaƙi ya turnuƙe shi, babu na'urar sanyaya ɗaki a lokacin, ga tarin fuka yana kashe mutane. Iskar Muskoka ta yi suna har aka buɗe asibitin masu tarin fuka a Gravenhurst a 1897, na farko a Kanada. Sun taru a wajen Beaumaris da yawa har ake ce wa wurin layin miloniyoyi. Da motoci da tituna suka yawaita, jiragen tururin suka daina aiki a 1958. Ɗaya ya tsira, Segwun, wanda aka ƙera a 1887, daga baya aka gyara shi don ɗaukar masu yawon buɗe ido. Titi ya zo daga baya, ya tarar gidajen sun riga sun juya masa baya.

Baba Alhaji:
'Ya'yana, na karanta duka, kuma na ƙaru. Sai dai zuciyata ba ta kwanta ba. Gini mai bene don jirgi ya kwana, wata biyu ko uku a shiga, sauran shekara a kulle, ana ƙona wutar lantarki don kada ruwa ya daskare. A garin Toronton nan da kake zaune, Baban Ilham, kai da bakinka ka taɓa gaya mana akwai masu kwana a titi cikin wannan sanyi. In wannan ba almubazzaranci ba ne, to a nuna min almubazzaranci. Ina jin tsoron yaranmu su riƙa kallon irin waɗannan hotuna har ya zama shi ne burinsu.

Maman Hanif (jihar Niyok):
Baba, barka da yini. Labarin da zan bayar zai ƙarfafa maganarka ta wani ɓangaren. Bara muka kai yara wani wuri da ake kira Tsibirai Dubu, inda kogin Sen Lorans yake fita daga tafkin Ontariyo, kan iyakar Amurka da Kanada. Akwai fadar George Boldt, mutumin da ya riƙe otal ɗin Waldorf-Astoria a birnin Niyok. A 1900 ya fara gina wa matarsa Louise gida mai hawa shida da ɗakuna 120 a wani tsibiri, ma'aikata kusan 300 suna aiki. A Janairun 1904 matar ta rasu. Ya aika da waya a tsayar da aiki, kuma bai sake komawa kan ginin ba. Shekara 73 ruwan sama da iska da 'yan ɓarna suna cin wurin, sai a 1977 hukumar gadar yankin ta karɓe shi a kan dala ɗaya ta fara gyara.

Gidan jiragensa yana tsallaken ruwa a tsibirin Wellesley. Tsayinsa ƙafa 64, guraben jiragen tsawon ƙafa 128, ƙofofin dogaye don jirgi ya shiga da sandar filafilansa a tsaye. A ciki har da masauki na matuƙa da masu gyara. Yana da wani jirgi mai kama da gida, La Duchesse, mai tsawon ƙafa 106, wanda yanzu yake gidan tarihin jirage na garin Clayton. Da na tsaya a cikin ginin na ɗaga kai, sai na ji kamar a babban masallaci nake saboda tsayin rufin. Na daɗe ina tunanin matar da ba ta kwana ko dare ɗaya a fadar ba. Allah ya sa mu cika da imani.

Baba Alhaji:
Amin 'yata. Kin gani ko.

Ɗan Fagge:
Baba, a gafarce ni, amma ai ba Turawa kaɗai ke da gidan hutu ba. Sarakunan Kano suna da gidaje a Fanisau da Takai da Ɗorayi, suna fita su kwana biyu su dawo. Kuma yau duk mai kuɗin da ka sani yana da gidan gona. Bambancin dai su ruwa suke da shi, mu fili.

Malama Mai Zane (Zariya):
Ɗan Fagge, akwai kama, amma kar mu haɗa su gaba ɗaya. Fanisau ribaɗi ce a zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wurin tsaro, kuma irin waɗannan gidaje suna tare da gandun noma. Aiki suke yi. Na Amurka da Kanada an gina su ne musamman don a huta, kuma akwai wata dabi'a a cikinsu da ba mu da ita: mai kuɗi yana biyan kuɗi mai yawa don gidansa ya yi kama da na talakan daji.

Misali mafi bayyana yana duwatsun Adirondack, a jihar da Maman Hanif take. William West Durant, ɗan wani babban mai harkar layin dogo, ya fara gina sansanin Pine Knot a bakin tafkin Raquette a 1877. Ya ɗauki fasalin bukkar masu saran katako ya haɗa da na gidajen tsaunukan Suwizalan: gungume da ɓawonsa, dutsen da ba a sassaƙa ba, baranda mai adon rassa. Ya gina wasu sansanonin biyu, Uncas da Sagamore, kuma duka ukun manyan attajirai ne suka saye su: Pine Knot ya koma hannun Collis Huntington, Uncas ya koma hannun J.P. Morgan, Sagamore kuma Alfred Vanderbilt ya saya a 1901. Durant kansa a karye ya ƙare. Suna ce wa wuraren sansani, alhali a Sagamore akwai wutar lantarki da ruwan famfo a lokacin da yawancin ƙauyukan Amurka ba su gan su ba.

Abin da nake nuna wa ɗalibaina a nan shi ne tsarin. Ba su tara komai a gini ɗaya ba. Ɗakin cin abinci daban, na kwana daban, kicin daban, gidan jirgi daban, sai a haɗa wasu da rumfa. Babban dalili gobara ce, domin komai itace ne kuma babu mai kawo ɗauki a tsakiyar daji. In ɗaya ya kama, sauran su tsira. Ku dubi gidan Bahaushe na gargajiya: zaure, shigifa, turaka, ɗakunan mata, madafa, rumbu, kowanne da gininsa a cikin katanga ɗaya. Babu wanda ya kwaikwayi wani, amma in ka ajiye zanen biyun gefe da gefe sai ka yi mamaki.

Sansanin Topridge a tafkin St. Regis na sama ya fi kowanne tabbatar da maganar Baban Ilham. Marjorie Post, magajiyar kamfanin abinci, ta saye shi a 1920 ta faɗaɗa shi ya kai gine-gine 68. Baƙi ta ruwa suke zuwa, su sauka a gidan jirgi, sannan wani ɗan keken dogo ya ja su zuwa saman tudu. Gidan jirgin shi ne abin da ake fara gani, don haka a kansa aka zuba gwaninta. Wani magini ɗan yankin, Ben Muncil, ya yi amfani da kututture da saiwoyi da karkatattun rassa yadda Allah ya halicce su ya tayar da bakunan ginin.

Malam Kafinta:
To a nan zan ɗan saɓa wa Baba Alhaji, cikin ladabi. Baba, kuɗin attajirin ne, amma hannun na wa? Na irinmu ne. Mutumin nan Muncil da Malama ta ambata, sai ya shiga daji ya yi ta duba itatuwa har ya sami reshen da ya lanƙwasa daidai yadda yake so, kuma ya nemo masa ɗan uwa na ɗaya gefen. Wannan aikin haƙuri ne da ido. Ni na san abin da ake ji in aka ba ka aiki aka ce ɗauki lokacinka, yi shi da kyau. Sau biyu kacal na samu haka a shekara talatin. Sauran duk a yi sauri a rage kuɗi ne. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, ai da ba a sami mai ɗaukar nauyi ba da ba mu gaji wannan bakan gizo ba. Ban haɗa masallaci da garejin jirgi ba, Allah ya kiyaye. Ina cewa ne gwaninta ba ta rayuwa sai da wanda zai biya ta.

Baba Alhaji:
Malam, na karɓi wannan. Mai sana'a ya ci halalinsa, kuma kyakkyawan aiki abin yabo ne ko a ina. Tambayata tana kan mai bayar da aikin.

Ɗan Yawuri:
Tun ɗazu nake karatu ban ce komai ba. Ni a bakin ruwa aka haife ni, kakana masunci ne. Duk wanda ya yi magana a nan daga cikin gidan yake kallo ko daga jirgin maigidan. Ni tambayata ɗaya: kafin a kafa waɗannan gine-gine, su waye suke jan kwalekwalensu a wannan gaɓar? Domin babu tafki mai kifi a duniya da za a ce ba kowa a bakinsa.

Ina tambaya ne saboda mun gani. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Bussa da ƙauyuka da tsibiran Gungawa, aka tayar da mutane sama da 40,000. An gina musu sababbin gidaje, amma tsofaffinmu har suka rasu suna nuna wani wuri a tsakiyar ruwa suna cewa nan ne kwatarmu. Wancan don wutar lantarki ne ta ƙasa baki ɗaya, aƙalla akwai hujja. A wurinmu bakin ruwa na kowa ne. Mace ta yi wanki, yaro ya yi wanka, Bafulatani ya shayar da shanu, masunci ya shanya taru. Ban taɓa tunanin mutum ɗaya zai gina ɗaki a kan ruwan ya sa kwaɗo ba.

Baban Ilham (Toronto):
Ɗan uwa, ka taɓa inda yake ciwo. Akwai mutane. Ƙasar Anishinabe ce, wato 'yan asalin wurin tun kafin zuwan Turawa, kuma sunan Muskoka ma ana danganta shi da wani shugabansu, Musquakie. Inda garin Port Carling yake yanzu ƙauyensu ne mai suna Obajewanung, suna noma suna kamun kifi. Da masu safiyo da baƙin manoma suka iso a shekarun 1860, aka mayar da su tsibirin Parry a gaɓar Georgian Bay. Akwai kuma al'ummar Mohok ta Wahta, su ma 'yan asalin ƙasar ne, kusa da garin Bala, waɗanda suka taso daga Oka ta lardin Kebek a 1881, suna nan har yau.

Maganar gaɓa kuma, abin zai ba ka haushi. Masu safiyon farko sun bar ƙafa 66 a kewayen yawancin tafkunan a matsayin hanyar jama'a. A takarda ta kowa ce. Amma doka ta ba ƙananan hukumomi damar sayar wa mai gidan da ke bayanta, kuma da yawa sun saya. Ruwan kansa na jama'a ne, kowa na iya bi da jirgi, ƙasan tafkin ma yawanci na gwamnati ne. Sai dai in ba ka da gida, wuraren da za ka iya saka ƙafarka a ruwa kaɗan ne. Ranar wata Lahadi da ba mu aiki na yi tafiya mai nisa a gefen titi ina hango ruwa ta tsakanin itatuwa, kowace 'yar hanya da allon da ke cewa ta mai gida ce, sai da na dawo cikin gari na sami wurin zama a bakin ruwa. Abokin aikina haifaffen yankin ne, kakansa ya yi tuƙin jirgi wa ɗaya daga cikin iyalan nan, shi kuwa haya yake yi nesa da ruwa.

'Yar Damagaram:
Sannunku da ƙoƙari. Ni kuma ina tunanin matan da suka yi aikin gidajen. Gida mai baƙi ashirin, a tsibiri, babu firji a wancan zamani. Wa ke dafawa, wa ke wanki, a ina suke kwana?

Maman Hanif (jihar Niyok):
'Yar uwa, a Sagamore an nuna mana wannan. Akwai unguwa guda ta ma'aikata a gefe, inda baƙi ba sa gani, da maƙera da wurin kafintoci da rumbuna, gine-ginen kuma na katako ne lami babu ado. Wasu iyalai a nan suke zama duk shekara suna gadin wurin. Da hunturu maza su yanka ƙanƙara daga tafki manyan sassa, a jibge a wani ɗaki a rufe da garin katako, ita ce firjin bazara. A wurare da dama benen gidan jirgi ma asalinsa makwancin matuƙi ne da masu aiki. Daga baya ne masu gida suka gane nan ya fi ko'ina iska da kallo, suka karɓe.

Wani abu kuma, kuɗi kaɗai ba ya shigar da mutum. Kulob ɗin Lake Placid da Melvil Dewey ya kafa a 1895 a wancan zamani ba ya karɓar Yahudawa da baƙar fata. Shi ya sa attajiran Yahudawa irin su Louis Marshall da Daniel Guggenheim suka haɗu suka gina nasu, Knollwood, a tafkin Saranac na ƙasa, gidaje shida da gidan jirgi da ɗakin cin abinci na tarayya.

Ɗan Fagge:
Na ji duka, jikina ya ɗan yi sanyi. Amma har yanzu ginin yana burge ni. Injiniya, kana nan? Za a iya yin irinsa a Tiga ko Challawa?

Injiniyan Ruwa:
Ina nan ƙanina. A taƙaice, irin wannan tsayayyen gini ba zai yi a madatsunmu ba. Tafkunan Muskoka hawa da saukarsu kaɗan ne a shekarar da komai ya tafi daidai, domin ana sarrafa su da madatsun Bala, a rage ruwa da hunturu don a bar wa narkewar ƙanƙara wuri. Tiga kuwa an gina ta a 1974 don noman rani, aikinta kenan ta cika da damina a zuƙe ta da rani. Gaɓar tana ja da baya sosai. Garejinka zai wayi gari a kan tabo a watan Afrilu, a Satumba kuma ruwa ya kai taga. In dole ne, sai dandamali mai iyo a kan ganguna wanda zai bi ruwan. Ƙara da sauro, da tsargiya a ruwan da ba ya gudu, da gara. Kuma an taɓa gwada hutun bakin ruwa a Kano, otal ɗin Bagauda yanzu makarantar horon lauyoyi ce.

Su ma can ba su tsira ba. Baban Ilham zai fi ni sanin abin da ya faru a 2019.

Baban Ilham (Toronto):
Ƙwarai. A Afrilun 2019 dusar ƙanƙara ta narke tare da ruwan sama mai yawa, tafkunan suka cika suka tumbatsa, garin Bracebridge ya ayyana dokar ta-ɓaci har sojoji suka zo taimako. Gidajen jirage da yawa ruwa ya hau kan dandamalinsu, ga sauran ƙanƙara tana yawo iska tana buga ta a bango. Wasu sun karkace, wasu sun rufta. Wanda muka gyara har yanzu akwai layin ruwan a jikin bangon ciki, ya kai min gwiwa.

Hukumomi sun daɗe suna ƙoƙarin taka musu burki. A ƙaramar hukumar Muskoka Lakes ba a ba ka izinin gidan jirgi mai bene sai gaɓarka ta kai ƙafa 300, kuma an iyakance girman wurin kwanan da ke sama. Dalilinsu shi ne 'yan mitocin farko na bakin ruwa nan kifi ke ƙwai, nan tsuntsaye da kunkuru suke, in aka rufe shi da inuwa da katako an kashe wurin. Amma kun ga abin da dokar ta haifar: bene ya zama shaidar cewa gaɓarka doguwa ce, sai ya ƙara daraja.

Baba Alhaji, ban da amsar da zan ba ka a kan mai bayar da aikin. Abin da na gani da idona dai shi ne iri biyu ne. Akwai tsofaffin, masu launin kore ko ruwan ƙasa, gajeru, sun lafe a jikin dutse, iyali ɗaya suna riƙe da su tun kakanni, an zana tsayin jikoki da fensir a jikin ƙofa. Akwai sababbin na gilashi da ƙarfe, fitilu a kunne har asuba, an sare itatuwan baya don a ga gidan daga nesa. Na farkon in sun lalace ana kiranmu mu gyara. Na biyun sau da yawa sai an rushe irin na farkon ake samun filinsu, kuma wannan rushewar ita ce aikin da ba na so a kira ni.

Malam Kafinta:
Allah ya ba da na halal. In ka koma, don Allah ka ɗauko min hoton kusurwar akwatin gungumen nan kusa-kusa, in ga yadda suka sarƙa shi, da ƙusa ne ko da yanka. Akwai wani mai lambu a bakin kogin Wudil da zaizaya ke cinye masa gaɓa duk damina, ina so in gwada masa da giginya.

Baban Ilham (Toronto):
In sha Allahu Malam. A watan Maris za mu koma, lokacin ruwa ya yi ƙasa kuma ƙanƙara tana ɗaukar mutum, in ba a kunna injin motsa ruwan nan ba ana iya tsayawa a kanta a yi aiki a ƙarƙashin ginin. Dogayen ƙusoshin ƙarfe suke bugawa a kowace kusurwa, amma zan auna maka kaurin gungumen da tazarar da suke bari a tsakani, domin ta nan ruwa yake wucewa ba ya ture akwatin.

Ɗan Yawuri:
In za ku yi na Wudil ɗin, Malam, ku bar wa masu wanki da masu shanu mashiga a gefe.